Goggo Ladi Mai Rigar 'Yan Kokawa

Duk wanda ya taɓa gaida Goggo Ladi a unguwar Diguel ya san gaisuwa biyu ce ke jiransa. Za ka durƙusa ka ce, "Goggo, ina kwana?" Ta amsa, ta tambayi mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya. Kana shirin miƙewa sai ta ɗan zame lafayarta daga kafaɗa, ta nuna ƙirjinta da haɓa, ta ce, "To, shi fa? Shi ba mutum ba ne?" Kana ɗaga ido sai ka yi arba da wani ƙaton Bature a jikin rigarta, gashi har kafaɗa, baki a wage, jijiyoyin wuya sun tashi kamar igiyar guga. Dole ka ce, "Sannu, Gagarau." Sai ta gyaɗa kai ta ce, "Ya amsa." Na ga bulaman unguwa ya yi wannan gaisuwa. Na ga jandarma da bindigarsa a kafaɗa ya yi ta, har da cire hula. Ku da kuke dariya yanzu, wane ne a cikinku bai yi ba?

Ga waɗanda suka zo daga baya, Goggo Ladi yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Iyayensu sun baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, naƙudarta ta tsayar da su a garin nan, suka ce bari jaririya ta yi ƙwari. Jaririya ta yi ƙwari, ta yi aure, ta yi furfura, ba a tashi ba. Ita kanta takan ce, "Ni ce na tare wa gidanmu hanyar Makka, shi ya sa nake buɗe wa 'ya'yan mutane hanyar duniya." Ungozoma ce. Daga Diguel har Abena, in ka tara mutum goma 'yan ƙasa da shekara arba'in, da wuya ka rasa wanda ita ta yanke wa cibiya. Allah bai ba ta nata ba, mijinta kuma ya rasu tun ban yi wayo ba, sai ta dawo gidanmu, ɗakinta na bakin zaure.

Yayana Habu ne ya jawo mana wannan al'amari, shekara biyu ko uku bayan shigowar shekarar alif ɗari tara da casa'in. Yana lise a lokacin, wato makarantar sakandare, aka buɗe gidan bidiyo a bayan layinmu, rumfar zana ce da janareto mai tari. Habu ya daina zuwa karatun la'asar. Ranar da labari ya iso gida, Baba ya ce zai je ya kamo shi, Goggo ta ce, "Zauna, Alhaji. Kai in ka je nasiha za ka yi. Ni kunne zan kamo." Ta ɗaura lafaya, ta tsinko tsumagiyar darbejiya, ta fita.

Muka jira. La'asar ta yi sanyi, babu Habu, babu Goggo. Can sai ga Habu ya shigo shi kaɗai, kunnuwansa biyu lafiya lau.

Baba ya ce, "Ina Yaya?"

Habu ya sunkuyar da kai. "Ta ce in taho gida in yi karatu."

"Ita fa?"

"Ta karɓe mini wurin zama."

Ashe tana ɗaga zana ta shiga daidai lokacin da aka maka wani mutum da ƙasa a talabijin, wani ƙato ya danne shi, alƙalin wasa ya kwanta yana dukan ƙasa, ɗaya, biyu. Goggo ta tsaya da tsumagiya a sama. Kafin hannun alƙali ya sauka na uku, sai na ƙasa ya zabura ya ɗaga kafaɗa. Habu ya ce ihun da Goggo ta yi sai da mai bidiyon ya fito a guje, ya zaci wuta ce ta kama zana. Da magariba ta dawo tana ta haki, ta ce da Baba, "Alhaji, yau na ga namiji. An kashe shi sau huɗu, sau huɗu yana ƙin mutuwa." Ita ce ta raɗa masa suna Gagarau. Sunansa na gaskiya Habu ya faɗa mata ya fi sau ɗari, ta ce bakinta ba zai ɗauki wannan kaya ba.

Daga nan kowace Alhamis da yamma, in dai babu mai naƙuda, za ka ga Goggo da kujerarta 'yar tsugunno a hannu ta nufi rumfar. Ita kaɗai ce mace, ita kaɗai ce tsohuwa, kuma layin gaba nata ne. Samarin da ke shan taba a ciki suka daina, domin duk wanda ya kunna sai ta juya ta ce, "Kai, ba kai ne ɗan Amina ba? Da ƙafa ka fito, na sha wahalarka. Kashe ta."

Rigar farko kuwa a kasuwar Dembe ta same ta, wajen Abakar mai gwanjo. Ta je neman tsofaffin tawul na aikinta, ya kwance sabuwar dila, sai ga Gagarau kwance cikin kaya, a jikin baƙar triko, irin rigar nan mai gajeren hannu da samari ke sawa. Abakar ya ba mu labari daga baya, ya ce ta ɗauke ta da hannu biyu kamar jariri, ta ce, "Kai, me ya kawo ka cikin tsumma?" Ya ce mata da Larabci, "Hajje, wannan ta yara ce." Ta ce, "Yaran wa ya karɓe su? Naɗe mini." Tun daga ranar duk dilar da ya kwance, in akwai ɗan kokawa a ciki, sai ya ware ya ajiye mata a ƙarƙashin tebur. Samari su zo su yi ta magiya, ya ce, "Ma fi. Babu. Ta Hajje ce." A hankali akwatinta na ƙarfe ya cika: Gagarau a baƙa, Gagarau a ja, Mai Ƙaho, Ɗan Gajere, Mai Rufe Fuska, kowa da sunan da ta sa masa. Rubutun da ke jikinsu ba ta iya karantawa, kuma ba ta so a karanta mata. Ta ce, "Na san halinsu, me zan yi da takardarsu?"

Baba ya sha wahala, Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai kunya, mai gudun abin faɗa. Ya gwada lallashi, ya gwada fushi, daga ƙarshe ya gwada malami. Ya kawo limamin masallacinmu har zaure, liman ya yi bayani a tsanake cewa ba a son yin salla da hoto a jiki. Goggo ta saurara har ƙarshe, ba ta katse shi ba. Ta ce, "Malam ya yi gaskiya, kuma na gode." Baba ya sauke ajiyar zuciya. Azahar na yi muka ga ta shiga ɗaki ta sako farar riga, ta fito da Gagarau a ninke, ta kifa shi a kan tabarma can gefe, fuskarsa a ƙasa, ta ɗora masa carbi a baya.

Baba ya ce, "Yaya, wannan kuma fa?"

Ta ce, "Ni zan yi sallata babu shi. Shi kuma tunda bai iya ba, ya dai sa goshi a ƙasa. A hankali ake jawo mutum."

Tana sallamewa ta mayar da shi jikinta. Haka ta yi sau biyar a rana har ƙarshen rayuwarta. Liman da ya ji, sai ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa, ya ce shi dai ba shi da sauran magana.

Kun tuna shekarar da aka shimfiɗa riga a ƙofar zaurenmu? Mai Ƙaho ne. Abokin Gagarau ne na ƙut da ƙut, tare suke shiga fage, Goggo tana da rigarsa shuɗiya mai kyau. Wata Alhamis ta dawo tun kafin a tashi, fuska a murtuke, ba ta amsa sannun kowa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da shuɗiyar rigar, ta shimfiɗa a bakin ƙofa, ta goge ƙafafunta biyu a kai.

Na ce, "Goggo, lafiya?"

"Ta baya ya zo masa, Uwani. Da kujerar ƙarfe. Mutumin da suka ci abinci tare!" Ta ɗaga murya yadda duk gida zai ji. "Duk mai shiga gidan nan ya taka. Wanda ya tsallake, ni da shi."

Damina guda Mai Ƙaho ya yi yana shan taɓon Diguel. Baƙo ya zo ya ga riga mai kyau zai kauce, sai ya ji murya daga ɗaki, "Taka!" Rannan sai ga ta ta dawo da fara'a, ta ɗauke rigar, ta wanke ta da sabulu sau uku, ta shanya. Wai ta ga sun rungumi juna, sun shirya. Habu, wanda a lokacin ya fara jin kansa ɗan boko, ya ce, "Goggo, wannan kaset ɗin tsoho ne fa. Kafin faɗan aka ɗauke shi. Mai bidiyo ne ke sa su a birkice."

Ta ce, "Ni yaushe na gani?"

"Yau."

"To yau suka shirya."

Habu bai haƙura ba. Ya gyara zama ya ce, "Goggo, in gaya miki gaskiya? Duk abin nan shiri ne. Wasan kwaikwayo ne. Tun kafin su shiga an san wanda zai ci."

Muka zuba ido muna jiran ta fashe. Sai ta dube shi da tausayi, irin kallon da take yi wa mai cikin fari. Ta ce, "Habu, sai yau ka gane? Kai da ake biya wa makaranta? Ni tun ranar farko na sani. Shekara nawa ina ganin jini? Na san na gaske, na san na kanti. Wa aka taɓa buga wa ƙarfe a ka ya tashi yana gyara gashi?"

Habu ya ce, "To me kike kallo?"

Ta ce, "Tashin. Faɗuwar ce shiri, ɗana. Amma ko da shiri, in ƙato kamar wancan ya faɗo maka daga kan igiya, tashi sai da ƙashin baya. Ni shi nake zuwa gani. In kuma kana musu, zo mu shirya ni da kai, in ɗaga ka in maka da ƙasa, mu ga ko za ka je lise gobe." Habu ya ce ya yarda, ba sai an gwada ba.

Da aurena ya zo, Baba ya kwana uku yana roƙonta. Dangin mijina Musa 'yan kasuwa ne da ba su daɗe da zuwa daga Najeriya ba, suna zaune a unguwar Milezi, mutane masu nauyi, masu magana ƙasa-ƙasa. Baba ya ce, "Yaya, don girman Allah, rana ɗaya tak. Kada su ce gidan mahaukata suka nemi aure." Ta ce ta ji. Ta sa ankon biki tsaf, ta naɗa sabuwar lafaya, kowa ya yi hamdala. Aka kai ni. Watan zafi ne, ɗaki cike da mata, Goggo na tsaye tana damƙa ni a hannun uwar mijina, Hajiya Binta, tana ta jero amana. Ta ɗaga hannu za ta share gumi, wuyan anko ya zame, sai ga idon Gagarau guda ɗaya da rabin gashinsa sun leƙo.

Ni ina cikin lulluɓi ina roƙon ƙasa ta tsage. Hajiya Binta ta ƙura wa idon nan ido, ta matso, ta rage murya, amma na ji ta sarai.

"Hajiya, wannan ba shi ne mai tashi a biyu ba?"

Goggo ta dafe ƙirji. "Kin san shi?"

"Yarana ke sawa a gida. Ni ta labule nake leƙe."

Wallahi aka manta da amarya. Suka zauna a bakin gadona, gwiwa da gwiwa, suna ta Mai Ƙaho da abin da ya aikata. Sai da wata ta yi gyaran murya sannan Goggo ta waiwayo ta ce, "Au, ga yarinyar nan, ku riƙe ta da kyau." Iyakar nasihar aurena ke nan. Kuma ban taɓa samun matsala da Hajiya Binta ba, ko sau ɗaya.

Goggo ba ta yar da riga, kun sani. In ta tsufa ta yi laushi, sai ta dafa ta a tukunya da ruwan zafi, ta shanya a rana, ta ninke ta sa a jakar aikinta. Ta ce babu abin da ya kai tsohuwar triko taushi a jikin jariri. Saboda haka da yawanku da ke zaune nan kuna taƙama da manyan riguna, tufarku ta farko a duniya fuskar ɗan kokawa ce.

To, nan ne dariyata takan tsaya.

Haihuwata ta fari a gida na yi, a ɗakin Goggo. Tun asuba nake abu ɗaya har rana ta take. Da ƙyar yarinya ta fito, ta fito kuma shiru. Babu kuka, babu motsi, jikinta ya yi wani irin launi kamar toka. Innata da Hajiya Binta suna wurin. Na ga Inna ta kalli Hajiya, Hajiya ta fara salati a hankali, Inna ta jawo zane za ta rufe ta. Ni ko kuka na kasa, ina kallon rufin kwano kawai.

Goggo ta buge hannun Inna. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ta ce, "Wa ya ƙirga uku? Na ce wa ya ƙirga uku a ɗakin nan?"

Ta sa ɗan yatsa ta share bakin yarinyar, ta kifa ta a tafin hannunta, ta ɗauki tsohuwar riga tana murza bayanta da ƙarfi. Shiru. Ta juyo ta, ta sa bakinta a kan hanci da bakin jaririyar, ta hura a hankali, ta ɗago, ta sake hurawa. Lafayarta ta faɗi ƙasa, ɗankwali ya faɗi, furfurarta a waje, gumi na ɗiga daga haɓarta. Tsakanin hurawa da hurawa tana magana da ita kamar babba: "Tashi. Ke, ba a gama ba. Ɗaga kafaɗa. Bismillahi, tashi." Hajiya Binta ta ce, "Hajiya, ki bar wa Allah." Goggo ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Shi nake wa aiki."

Ban san tsawon lokacin ba. A wurina shekara ce. Sai na ji wani ɗan sauti kamar kyanwa ta yi atishawa. Sai ƙafa ta motsa. Sai kuka, siriri da fari, sannan ya cika ɗakin har Baba ya jiyo daga zaure ya yi kabbara.

Goggo ta naɗe ta, ta ɗora mini a ƙirji, sannan ta zame ta zauna daɓas a ƙasa, ta jingina da bango. Can ta share fuska ta ce, "Wannan 'yar, biyu da rabi ta kai. Ku ba ni ruwa." Ranar suna aka sa wa yarinya Hauwa, sunan Goggo na yanka. Amma har yau ga ta nan, ta yi aure, kowa Biyu-da-Rabi yake ce mata, har mijinta.

Saura guda ɗaya, wadda ko ban faɗa ba wani zai tashi ya faɗa. Shekarar da faɗa ya shigo har cikin gari, muka kwana biyu kwance a ƙasan ɗaki muna jin ƙarar manyan bindigogi. Ni da Hauwa muna Diguel, ta kai shekara shida a lokacin, Musa yana Najeriya wajen kaya. A rana ta uku da safe aka ɗan lafa, gari duka ya ɗau hanyar Kusri, garin da ke hayin gada. Baba ya ce mu ma mu tashi. Mu goma sha ɗaya ne, da yara da tsofaffi. Kowa na ɗaure abin da zai iya ɗauka, sai ga Goggo ta jawo akwatinta na ƙarfe tsakar gida.

Baba ya ce, "Yaya, mutane na gudun rai, ke kina ta tsummoki?"

Ba ta kula shi ba. Ta buɗe akwati ta shiga zaɓo masu launi mai ƙarfi, ja da rawaya da ruwan lemo, tana jefa wa kowa. "Sa wannan a kan kayanki. Kai, sa wannan. A gada mutum zai fi ƙasa yawa. Farar jallabiya dubu ce, lafaya dubu ce. Wa zai gane wani?" Ta sa wa Hauwa rawaya mai hoton Mai Rufe Fuska, ta sauko mata har gwiwa. Sannan ta miƙa wa Baba ja, Gagarau baki a wage.

Baba ya ja da baya. "Ni? Da gemuna?"

Ta ce, "Sani." Ban taɓa jin ta kira sunansa ba sai ranar. "Na goya ka. In ka ɓace mini a gadar nan, me zan ce wa Innarmu in na same ta a lahira? Sa."

Baba ya sa, a kan jallabiyarsa, tumbinsa ya ƙara wa Gagarau faɗin baki. Babu wanda ya yi dariya a cikinmu sai bayan kwana biyu.

Daga Diguel zuwa gadar Ngeli ba nan kusa ba ne. Goggo ta haura saba'in, aka samo mata amalanke ta ce a ɗora mai ciki, ita da ƙafarta. Abin da ta faɗa kuwa shi muka tarar. Mutane maƙil, da katifu a ka, da awaki, da babura, ana turawa ta ko'ina. Amma duk inda na waiga sai in hango ja can, rawaya nan, in san namu ne. A tsakiyar gada aka ji wata ƙara daga baya, jama'a suka yunƙuro gaba ɗaya. Aka matse ni da ƙarfen gada. Da na samu numfashi, hannuna babu Hauwa.

Na yi ihu har muryata ta tafi. Muka sauka a wancan gefe mu goma. Na zube a ƙasa, na ce zan koma, sojoji kuma ba sa barin kowa ya juya. Goggo ta kama kafaɗata ta girgiza ni, ta ce, "Kuka daga baya." Ta hango wata mota da ta mutu a gefen hanya, ta ce wa Habu da Baba su ɗaga ta. Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, a kan rufin mota! Ta warware lafayarta gaba ɗaya, ta tsaya daga ita sai zane da jar riga, tana kaɗa lafayar a sama kamar tuta. Ta shiga shela da Hausa, ta juya da Larabci, muryar nan da ta saba ratsa gida uku: "Jama'a! Yarinya mai rawayar riga, da mutum mai rufaffiyar fuska a ƙirji! Ku dube ni, irin tawa ce! Ku miƙa magana gaba!"

Mutane suka fara ɗaga kai. Wani ya ce, "Ai ungozomar Diguel ce!" Wata ta ce, "Ita ta karɓi ɗana!" Maganar ta shiga tafiya daga baki zuwa baki, ina jin ta tana nisa, da Larabci, da Faransanci, da harsunan da ban sani ba, har ta koma kan gada. Goggo ba ta sauko ba. Rana ta dake ta, Baba na riƙe da idon sawunta yana cewa, "Yaya, za ki faɗo," tana cewa, "Riƙe dai."

Wajen azahar sai muka hango wani ɗigon rawaya yana tahowa a saman kawunan mutane. Wata doguwar mata ce 'yar kudu, da gicciye a wuya, ta ɗora Hauwa a kafaɗa. Ba ta jin Hausa, Larabcinta kaɗan ne. Ta dubi rigar yarinya, ta dubi ta Goggo, ta dubi ta Baba, ta fashe da dariya hawaye na zuba, ta sauke mini 'yata. Ko sunanta ba mu samu tambaya ba, jama'a suka tafi da ita.

Da aka sauko da Goggo, Baba ya durƙusa a gabanta cikin ƙura, a gaban kowa, ya kama hannunta ya kifa goshinsa a kai. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Tashi, Alhaji, kana miƙar mini da wuyan riga."

Bayan mun dawo gida ba ta ƙara samun ƙarfin ƙafa ba. Ta daina fita aiki, sai dai a kawo mata jarirai ta tofa musu addu'a. Ta yi shekara ɗaya da 'yan watanni a haka. Wata ranar Laraba da hantsi ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta ce, "Uwani, kira mini Abakar." Ya zo daga Dembe da gudu, shi ma ya yi furfura, da wata sabuwar riga a leda, yana murna ya samo mata wadda ba ta da ita. Ta duba, ta yi murmushi, ta shafa ta, ta mayar masa.

Ta ce, "Ba wa wani yaro. Ni fara nake so, wadda babu kowa a jiki."

Abakar ya ce, "Hajje, ke? Ba kowa?"

Ta ce, "Wanda zan je wurinsa ya san ni. Ba sai da ɗan rakiya ba."

Ya fita zaure ya zauna yana kuka kamar ƙaramin yaro. Da la'asar ya kawo farar. A cikinta ta cika ranar Juma'a da safe, kanta a cinyata, bakinta da kalmar shahada.

Ya Allah, ga baiwarka Hauwa'u nan ta zo maka ita kaɗai. Ba ta haifa ba, amma unguwa guda ce ke kiran ta uwa. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata makwanci, ka sanyaya mata shi. Yadda ta tarbi 'ya'yanmu da hannu biyu ranar da suka zo ba su san kowa ba, ya Ubangiji, ka tarbe ta da rahamar da ta fi wannan. Amin.